Ajiya Maganin Wata Rana

 Abin da na ke so in yi bayani a kansa a wannan fitowa shi ne ajiye kwafin aikin da mu ke yi a kwamfuta, da irin ciwon kan da mutum ya kan sha wajen zaɓen manhajar da za ta yi masa wannan hidima, da kuma wajen aiki da ita bayan ya zaɓa. Dalilin da ya sa na ɗauko zancen kuwa shi ne, yau kusan duk abin da kwalejin nan ta mallaka na rubutu yana cikin na'ura: shirin darasin masu fita koyon koyarwa, da makin jarrabawa, da kundin binciken 'yan ajin ƙarshe, da takardun ofis. A dā in gara ta shiga littafin rajista, ta kan bar wani abu a karanta. Kwamfuta kuwa, ranar da ta ci, ba ta rage ko layi guda.

Tun da fari bari in faɗi inda maganata za ta tsaya, don kada mai karatu ya ɓace a hanya. Ba a sanin kirkin wanda aka ba ajiya ranar da aka miƙa masa, sai ranar da aka je karɓa. Haka manhaja ta ke. Kome kyawun tallarta, kome tsadarta, ma'auninta guda ne: ranar da ka ce ta ba ka kayanka, za ta ba ka su cikakku ko kuwa?

Abin Da Ke Cinye Aiki

Cikin ko wace kwamfuta akwai wurin da ta ke zuba abin da aka rubuta, shi mu ke kira faifai. Iri biyu ne. Na farko faranti ne na gaske, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wani ɗan hannu mai karatu yana shawagi bisa kansa, tsakaninsu ko kusa bai kai kaurin gashi ba. In kwamfuta ta faɗi tana cikin aiki, hannun nan ya karci farantin, to, an yi hasara. Na biyu shi ne wanda a ke ce wa SSD. Ba abin da ke motsi cikinsa, ya fi sauri, ya kuma fi jure faɗuwa, amma shi in zai mutu ba ya sallama. Na farkon sau da yawa ya kan yi 'yar ƙara ko nauyin jiki tukuna, wannan kuwa sai dai ka kunna da safe ka tarar ba kowa gida.

Akwai wani kamfanin ajiya a Amurka, sunansa Backblaze, mai fayafai fiye da 200,000, wanda tun 2013 ya ke buga lissafin waɗanda suka mutu masa. Lissafin yana nuna cikin ko wane 100, guda 1 ko 2 su kan mutu a shekara. Waɗannan fa suna zaune ne cikin ɗaki mai sanyi, ba ƙura, wuta ba ta ɗaukewa. To, ina ga namu, masu shan zafi da laima, da wutar da ke tafiya ta komo da ƙarfi, da girgizar bayan babur? Ga kuma ɓarawo, ga tsawa, ga ruwan da ke zubowa ta rufi. Sa'an nan ga wanda ya fi su duka ɓarna, watau hannun mai kwamfutar, ko na abokin da ya ara, wanda zai share abu ko ya rubuta sabo bisa tsoho ba da nufi ba.

Maganin wannan duka shi ne kwafi na biyu, wanda ni zan kira kwafin ko-ta-kwana. Kafin ya amsa sunansa sai ya cika sharaɗi uku. Ya zama yana wani wuri dabam da na asali, ya zama na kwanan nan ne, ya kuma zama ana iya komo da shi. Wanda ya kwafi kundinsa daga wannan jaka zuwa waccan cikin kwamfuta guda, kamar wanda ya raba kuɗinsa ne cikin aljihu biyu na riga ɗaya. In rigar ta tafi, duka sun tafi.

Wahalar Zaɓe

Wahala ta fari ita ce yawa. Ka nemi manhajar ajiya a intanet, za ka ga sun fi a ƙirga, ko wace tana cewa ita ce sarauniya, kuma da yawa cikin shafukan da ke jera “goma mafi kyau” suna samun la'ada ne in ka saya ta hannunsu. Abin da ba su cika gaya maka ba shi ne, manhajojin nan ba aiki ɗaya su ke yi ba. Ni na kasa su gida uku.

Gida na ɗaya, masu aikin madubi, irin su Dropbox da Google Drive da OneDrive. Su abin da ke cikin jakarka su ke maimaitawa a rumbunsu na intanet, da sauran na'urorinka. Gida na biyu, masu ajiye fayil tare da tarihinsa, watau yadda ya ke jiya da yadda ya ke makon jiya. Cikinsu akwai Time Machine, wadda Apple ya fitar a 2007, da File History, wadda ta zo da Windows 8 a 2012. Gida na uku, masu ɗaukar hoton faifai ɗungum, da Windows ɗin da manhajojin da kome da kome, irin su Clonezilla, don in faifai ya mutu a sa sabo a zuba, kwamfuta ta tashi kamar ba abin da ya same ta.

Yawancin ɓacin ran da na ke gani a ɗakin kwamfutarmu daga nan ya ke tasowa: mutum ya ɗauki ta gida na ɗaya yana tsammanin aikin gida na biyu. Madubi ba ya riƙe kome, abin da ke gabansa ya ke nunawa. Ka share babi na uku a kwamfutarka, kafin ka ƙifta ido ya share a can ma. Fayil ya lalace a nan, sai ya ɗauki lalataccen ya danne mai lafiya da shi. Gaskiya ne suna da kwandon shara da a ke iya tsamo abu daga ciki, amma ga mai ajiyar kyauta yawanci kwana 30 ne, daga nan sai a zubar. Ɗalibin da ya tafi koyon koyarwa na zango guda, ya komo ya ga babinsa ba ya nan, kwana 30 sun daɗe da wucewa.

Wahala ta biyu ita ce, alkawarin kamfani ba ya daɗewa. A 2015 Microsoft ya janye ajiyar da ya ce ba ta da iyaka a OneDrive, ya kuma ba da sanarwar rage ta kyauta daga gigabait 15 zuwa 5. A watan Agusta na 2017 masu CrashPlan, wadda mutane da yawa suka dogara da ita a gidajensu, suka ce sun bar hulɗa da masu amfanin gida, suka rufe wannan sashe a Oktoba 2018. Ran 1 ga Yuni 2021 Google Photos ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka. Amazon Drive ya rufe ran 31 ga Disamba 2023. Macrium Reflect ta kyauta, wadda masu gyaran kwamfuta ke so ƙwarai, an daina kula da ita a farkon 2024. Ko wane ɗaya cikin waɗannan ya sa dubban mutane kwashe kayansu su nemi wani masauki. Ba na ce sun ci amana ba, gama sun ba da wa'adi. Abin da na ke nufi shi ne, kamfani ɗan kasuwa ne, ranar da rumfa ta daina biyansa zai nannaɗe tabarmarsa.

Mu nan kuma muna da ƙarin namu. Kuɗin hayar wasu daga cikin waɗannan ajiyoyi da dala a ke yanke shi. A watan Mayu na 2023 dala guda tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin Fabrairu 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Wanda ya shiga haya da albashin malami yana ganin araha, sai ya wayi gari kuɗin ya ninka uku. In kuwa ya kasa biya, bayan wa'adi a share ajiyar.

Wahala ta uku ta fi ɓoyuwa. Manhajoji da yawa ba sa ajiye fayilolinka yadda su ke. Su kan dunƙule su cikin wani babban ƙunshi irin nasu, wanda ba mai kwance shi sai su. Muddin manhajar tana hannunka, lafiya lau. Amma ran da kwamfutar ta mutu, ka ɗauki faifan ajiyarka ka je wurin aboki, sai ka tarar dole ka sake sauko da manhajar, ka nemo lambar shaidar saye, wani lokaci ma sabuwar fitowarta ta ƙi karanta ƙunshin tsohuwa. Ka ga ke nan ka zuba kaya cikin akwati, mabuɗin yana aljihun wani. Saboda haka ni na fi son wadda za ta bar mini fayil a matsayin fayil, in buɗe faifan a ko wace kwamfuta in gan shi da idona. FreeFileSync, wadda kyauta ce, tana cikin masu yin haka.

Wahalar Aiki Da Ita

To, a ce ka zaɓa, ka sa ta, ta nuna maka koren alama ta ce an gama. Nan ne babban ramin ya ke. Manhajar ajiya ta kan daina aiki shiru, ba mai sani, domin ba wanda ke leƙa ta sai ranar masifa. Kada kuwa wani ya ce wannan ciwon marasa sani ne kaɗai. Ga labaru uku na manya.

A 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, ana cikin haɗa fim ɗin Toy Story 2, sai wani ya ba na'ura umurnin sharewa a inda bai kamata ba. Kafin a kashe ta wajen kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Aka ce ba kome, ai akwai kwafi. Da aka ɗauko, ashe kwafin ya daɗe ba ya cika, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya mai jego, wadda ke aiki daga gida, tana da kwafi a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar cikin bargo, aka sa a mota aka kawo ta ofis kamar ƙwai.

Ran 31 ga Janairu 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab ya share wajen gigabait 300 na bayanan jama'a bisa kuskure. Kamfanin nan yana da hanyoyin kariya har guda 5, amma da aka bi su ɗaya ɗaya, ba wadda ta ke aiki yadda aka zata. Ɗaya cikinsu ta daɗe tana kasawa, tana kuwa aika wasiƙar kuka, sai dai wasiƙun ba sa isa wurin kowa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu sa'o'i 6 kafin abin ya faru, shi ya fisshe su, aikin sa'o'i 6 ɗin nan kuwa ya tafi ke nan.

Na uku ya fi ban tsoro. A watan Disamba 2021, a Jami'ar Kiyoto ta ƙasar Japan, manhajar ajiyar ce da kanta ta yi ɓarnar. An yi mata gyara, sai maimakon ta share tsofaffin takardun rahotonta, ta shiga share aikin masu bincike. Terabait 77 suka tafi, fayil miliyan 34, na ƙungiyoyin bincike 14. Mai gadi ne ya ƙona rumbu.

Ni ma a ɗan gwaje-gwajen da na yi na ga irin nawa, ko da ya ke ba zan kama sunan manhaja ba. Akwai wadda na gwada, ta ce ta kammala, da na ƙirga fayilolin sai na ga sun gaza. Ashe duk fayil ɗin da ke buɗe lokacin da ta ke aiki tsallake shi ta ke yi, ta rubuta haka can cikin wani dogon rahoto da ba mai karantawa. Fayil ɗin da ke buɗe kuwa shi ne wanda ka ke aiki a kansa, watau wanda ka fi bukata. Wata kuma ta tsaya cik don sunan fayil, haɗe da sunayen jakunkunan da ya ke ciki, ya wuce haruffa 260, iyakar da Windows ya daɗe da ita. Wata ta ƙi ɗaukar bidiyon darasi, domin filashin an tsara shi da tsohon tsari mai suna FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Sa'an nan ga wadda ta shafe mu masu rubutun Hausa musamman: wasu tsofaffin manhajojin dunƙule fayil ba su san ɓ da ɗ da ƙ ba, sai su mai da sunan fayil wasu 'yan alamu da ba su karantuwa. Saboda haka a cikin rubutu ka sa ƙugiyarka yadda ta kamata, amma a sunan fayil ka bar ta.

Akwai kuma batun sarƙa. Don gudun ɓata lokaci, manhajoji da yawa su kan ɗauki cikakken kwafi sau ɗaya, sa'an nan kullum su ɗauki abin da ya sake kaɗai. Dabara ce mai kyau. Amma ka lura, kwafin Alhamis yana rataye da na Laraba, na Laraba da na Talata, har zuwa cikakken na farko. In na Talata ya lalace, duk na bayansa sun shiga shakka. Don haka a kan sa manhaja ta riƙa sabunta cikakken kwafi lokaci lokaci, kada sarƙar ta yi tsawo. Mutane kuma su kan ga waɗannan ƙananan fayiloli sun cika musu faifai, su share na tsakiya don samun wuri, ba su san sun tsinke sarƙar ba.

Ga masu son tura kome da kome rumbun intanet, bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Gigabait 100 daidai ya ke da megabit 800,000. In layinka yana tura megabit 1 a daƙiƙa guda, zai ci daƙiƙa 800,000, watau sa'o'i 222, fiye da kwana 9 dare da rana, in wuta ba ta ɗauke ba, layi bai yanke ba. Ban ma sa kuɗin data ba. Ranar karɓowa kuma sai ka sake sayen wata datar. Amma kundin bincike mai shafi 100, in rubutu ne zalla, da ƙyar ya ke wuce megabait 1 ko 2. Ashe ke nan abin da ya fi tsada a wurinmu shi ya fi sauƙin ɗauka. Wayo shi ne a raba kaya: rubutu da maki su tafi intanet kullum, bidiyo da hotuna su zauna a faifan waje.

Filashi ma yana da nasa. Akwai na jabu a kasuwa, an rubuta masa gigabait 64, kwamfuta ma ta ce 64, alhali kuwa cikinsa bai fi 4 ko 8 ba. Za ka yi ta zubawa yana karɓa, sunayen fayilolin suna nan reras, amma in wurin gaskiyar ya cika, sabo ya kan danne tsoho ko ya faɗa iska. Araha ba ta ado. Akwai 'yar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika filashi da rubutu ta sake karantawa, ta gaya maka ainihin cikinsa. A gwada sabon filashi da ita kafin a ba shi amana. Ko na gaske ne ma, filashi jakar tafiya ce, ba a yi shi don ajiyar shekaru ba.

Na san kuma da yawa cikin ɗalibanmu WhatsApp ne ma'ajinsu, su tura wa kansu ko wa aboki. Ya fi babu, amma a sani, in saƙo ya isa, kamfanin ba ya riƙe shi, yana cikin wayoyin ne kaɗai. Kwafin da wayar Android ke turawa Google Drive kuwa, tun farkon 2024 cikin gigabait 15 ɗin nan na kyauta a ke lissafa shi, in wurin ya cika sai ya tsaya. Har wa yau, tun Disamba 2023 Google yana da ikon share asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa shi ba.

Doka Mai Lamba Uku

Wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Peter Krogh, wanda littafinsa kan adana hotuna ya fara fitowa a 2005, shi ya yaɗa wata doka mai sauƙin haddacewa: 3, 2, 1. Kwafi 3 na duk abin da ka ke so, a kan ma'aji iri 2, guda 1 kuma a wani wuri mai nisa.

Me ya sa mai nisa? Ran 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a gidan ajiyar kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, gini guda ya ƙone ƙurmus, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Waɗansu masu hulɗa da kamfanin suna da kwafi, amma kwafin yana cikin harabar nan da wutar ta ci. Wannan ya nuna mana abin da a ke kira gajimare gini ne a ƙasa, mai bango da rufi, yana kuwa ƙonewa kamar ko wane gini.

Ni zan ƙara sharaɗi guda bisa dokar: kwafi ɗaya ya zama a cire ya ke, ba a haɗe da kwamfuta ba. Akwai muguwar manhaja mai yin garkuwa da fayiloli, ta kulle su ta ce sai an biya fansa. A watan Mayu na 2017 wata mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Irin wannan cuta duk faifan da ta samu a maƙale da kwamfuta kulle shi ta ke yi tare. Wutar da ta komo da ƙarfi ma haka, ba ta tambayar wane ne na asali, wane ne kwafi. Faifan da ke cikin aljihun tebur, ba waya jikinsa, shi kaɗai ne ba su iya kaiwa gare shi.

Tambayoyin Da Za Ka Yi Wa Manhaja

Kafin ka yarda da ko wace, yi mata tambayoyin nan biyar.

1. In na share abu ko na ɓata shi yau, har kwana nawa za ki iya komo mini da na dā?
2. In kwamfutata ta mutu, zan iya buɗe ajiyar a wata kwamfuta ba tare da ke ba?
3. In kin kasa aiki, ta yaya za ki sanar da ni?
4. Kina aiki da kanki a kan lokaci, ko sai na tuna?
5. In na daina biya, ko masu ke suka rufe, ina kayana za su kwana?

Wadda ta amsa huɗu da kyau, riƙe ta, kada ka ɓata zango guda wajen neman wadda ba ta da aibu, gama babu ita. Sau da yawa ma wadda ta zo da kwamfutar ta isa. File History, in ba a sake mata lokaci ba, ko wace sa'a ta ke ɗaukar kwafi. Time Machine kuwa tana riƙe na ko wace sa'a har kwana guda, na ko wace rana har wata guda, sa'an nan na mako mako har faifai ya cika.

Shawarata

Ga ɗalibi: tara duk aikinka cikin jaka guda. Ko wace rana ka yi aiki mai yawa, ajiye sabon kwafi da kwanan wata a sunansa, shekara a gaba, kamar haka, kundi 2025-03-14, don su jeru da kansu. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashin da ka gwada, ɗaya a intanet. Kada filashin ya kwana jaka ɗaya da kwamfutar, domin ɓarawo jakar ya ke ɗauka.

Ga malami: nemi faifan waje wanda ya kai ninki biyu na abin da za ka ajiye. Haɗa shi ran Juma'a bayan an tashi, bar manhaja ta gama, duba rahotonta, cire shi ka ajiye.

Ga ofis: fayafai biyu, ana musaya ko wane mako, ɗaya kullum yana wani gini dabam. A sami littafi wanda mai aikin zai sa hannu da kwanan wata, domin aikin da aka ce na kowa ne, ba mai yin sa. Tun da ya ke makin ɗalibai sirri ne, a kulle fayafan da kalmar sirri. Amma a sani, kullen zamani ba shi da makeri, in kalmar ta ɓace ko masu manhajar ba su iya buɗewa. A rubuta ta a takarda, a liƙe cikin ambulan, a sa a akwatin ƙarfe na shugaban kwaleji. Sakamakon ƙarshen zango kuma a buga shi a takarda a sa hannu, gama takarda ba ta bukatar wuta kafin a karanta ta.

Sa'an nan ga abin da ya fi duka, wanda in an bar shi sauran duk wahalar banza ce. Mu malamai ba mu kan yarda yaro ya iya don ya ce ya iya ba, sai mun ba shi jarrabawa mun duba takardarsa. To, a yi wa ajiya haka. Sau ɗaya a wata, zaɓi fayil guda, ka ce manhaja ta komo maka da shi wani wuri dabam, ka buɗe, ka karanta har shafin ƙarshe. Sau ɗaya a zango, ɗauki faifan ka kai wata kwamfuta, ka yi kamar taka ta mutu, ka ga ko za ka iya fid da aikinka, da kuma minti nawa zai ci. A nan ne za ka gane kalmar sirrin da ka manta, da jakar da ba ta shiga lissafi ba, da manhajar da ta yi wata uku tana barci. Gara ka gane su yau, ranka a kwance, da ka gane su ana sauran kwana biyu a miƙa kundi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun 2011 masu harkar kwamfuta suka keɓe ran 31 ga Maris ta ko wace shekara don tunatar da juna wannan al'amari. Mu ba sai mun jira ta ba. Ina roƙon ko wane mai karatu, kafin makon nan ya fita, ya ɗauko ajiyarsa ya gwada fid da fayil ɗaya tak. Wanda ya samu lafiya, madalla. Wanda ya tarar da wani abin mamaki, ya rubuto ta hannun Edita, mu duba tare a fitowa mai zuwa, don sauran 'yan'uwa su ƙaru. In kunne ya ji, jiki ya tsira.